Dajin tushen ƙwaƙwalwa: ta yaya ake sanin magani ya yi aiki?

Ranar 6 ga Agustan 2025, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ba da izinin sayar da wani magani mai suna dordaviprone. Likitoci da iyayen marasa lafiya sun fi saninsa da ONC201, a kasuwa kuma Modeyso ake ce masa. Ƙwaya ce da ake haɗiya sau ɗaya a mako, kuma shi ne magani na farko da hukumar ta taɓa amincewa da shi don wani mugun nau'in ciwon daji da ke fitowa a tsakiyar ƙwaƙwalwa. Ƙungiyoyin iyayen da suka binne 'ya'yansu saboda wannan ciwo sun yi maraba da labarin, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Sai dai duk wanda ya zauna ya duba hujjar da aka dogara da ita zai ci karo da abin da zai ɗaure masa kai. Sakamakon mutum 50 aka duba, 46 daga cikinsu manya ne, sannan da gangan aka ware masu nau'in da ake kira DIPG aka ajiye gefe. Shi kuwa DIPG shi ne ainihin ƙarin da ke kashe ƙananan yara a tushen ƙwaƙwalwa, don shi aka fi ɗokin maganin tun farko.

Babu ha'inci a ciki, akwai dalili. Amma dalilin ba zai fito ba sai an fara sanin ciwon da inda yake zaune.

A ƙasan ƙwaƙwalwa, daidai inda take haɗuwa da laka, akwai wani ɗan kututture. Tsakiyarsa ake kira pons, kalmar Latin mai nufin gada, sunan kuwa ya dace, domin saƙon da ke tashi daga kai zuwa hannu da ƙafa ta nan yake bi. A nan da kewayensa ne jijiyoyin juya ido, da motsa fuska, da haɗiya, da numfashi suke. Ƙarin DIPG ba ya dunƙulewa wuri ɗaya balle likitan tiyata ya yanke ya cire. Ratsawa yake yi tsakanin lafiyayyun jijiyoyi kamar yadda shuni ke shiga jikin zare, ba a raba su sai dai a tsinke zaren. Yawanci yaro ne ɗan shekara 5 zuwa 10, lafiyarsa ƙalau, sai a ga ido ɗaya ya karkace, ko gefen baki ya saki, ko ya riƙa tuntuɓe ba gaira ba dalili. Cikin 'yan makonni abin ya bayyana. Abin da ya fi ƙona zuciya shi ne hankalin yaron yana nan daram, yana kallon jikinsa na ƙin bin umarninsa gaɓa bayan gaɓa.

A Amurka ana samun yara 200 zuwa 300 masu shi a shekara. Wani nazari da aka fitar a 2018 ya tattara bayanan marasa lafiya 1,008 daga ƙasashe daban-daban: rabinsu ba su wuce wata 11 ba bayan gano ciwon, kusan 10 cikin 100 ne suka kai shekara biyu, 2 cikin 100 suka kai shekara biyar. A Janairun 1962 wannan ciwo ya kashe 'yar Neil Armstrong mai shekara biyu. Uban ya taka wata a 1969, amma abin da aka yi wa 'yarsa, wato gashi, ƙona ƙarin da hasken na'ura, shi ne dai abin da ake yi wa yaron da aka gano masa ciwon yau. An gyara na'urorin, sun fi iya saiti, ana zama 30 cikin mako shida. Mafi yawan yaran sukan warware na 'yan watanni, su koma makaranta, su yi wasa. Sannan ƙarin ya dawo.

A tsakanin wancan lokaci da yanzu an yi gwaje-gwajen magani fiye da 200, ba ɗaya da ya ƙara wa yaran kwana. In aka tambaye ni, babban dalilin shi ne an yi shekaru ana harbi cikin duhu. A 1993 wasu likitocin Amurka, ƙarƙashin Leland Albright, suka ba da shawarar a daina huda kai don ɗebo samfurin ƙarin, tunda hoton MRI ya isa a gane shi, hudawar kuma tana da haɗari kuma ba ta canza abin da za a yi wa yaro. Shawara ce ta tausayi, a lokacinta ma daidai ce. Amma ta sa aka yi shekaru da dama ba wanda ke da tsokar ƙarin a hannu balle ya bincika. Sai aka ɗauka cewa ɗan'uwan dajin ƙwaƙwalwar manya ne, aka riƙa aro magungunan manya ana rage awo ana ba yara. Temozolomide, wanda ya ɗan taimaka wa manya masu wani dajin ƙwaƙwalwa da ake kira glioblastoma, an gwada shi a kan yaran, sakamakon da ya fito a 2011 ya nuna bai tsinana komai ba.

Ɓangare biyu suka buɗe ƙofar, likitoci da iyaye. Likitocin asibitin Necker da ke Paris suka koma ɗebo samfuri da siririyar allura, suka nuna a 2007 cewa ana iya yi ba tare da an nakasa yaro ba. A ɗaya gefen, iyaye suka fara yarda a cire ƙarin bayan yaro ya rasu a ba masu bincike. Da irin wannan kyauta Michelle Monje ta Jami'ar Stanford ta fara raya ƙwayoyin ƙarin a ɗakin bincike, ta wallafa aikin a 2011. Shekara ɗaya bayan haka, masu bincike a asibitin St. Jude da ke Memphis da na Jami'ar McGill a Kanada suka gano tushen ɓarnar.

Bayanin gadon da ke cikin kowace ƙwayar halitta dogon zare ne, an naɗe shi a jikin wasu sinadarai da ake kira histon, kamar zare a jikin mazari. Yadda aka naɗe shi ne ke yanke wane sashe za a karanta, wane za a kulle. A kusan yara 8 cikin 10 masu DIPG, an sami kuskure guda tak a jikin histon mai suna H3: a gurbi na 27, wani sinadari ya zauna a mazaunin wani. Daga nan sunan H3 K27M ya fito. Wannan ɗan kuskure yana hana a sa alamar kullewa a wuraren da ya kamata, sai ƙwayar ta kasa balaga, ta tsaya a ƙuruciya tana ta hayayyafa. Ashe ciwon daban yake da na manya tun daga saiwa.

Wannan ganowa ta canza har sunan ciwon, kuma a nan ne amsar abin da ya ɗaure mana kai tun farko take. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta haɗa duk ƙarin da ke ɗauke da wannan kuskure, ko a pons yake, ko a wani sashen tsakiyar ƙwaƙwalwa da ake kira talamus, ko a laka, ta sa su a gida ɗaya. Izinin da aka ba dordaviprone na wannan babban gida ne, ga wanda ya kai shekara ɗaya zuwa sama kuma ciwonsa ya ci gaba bayan an yi masa magani. Don haka yaro mai DIPG da ke ɗauke da kuskuren yana cikin waɗanda za a iya rubuta wa. Amma hujjar ba daga irinsa ta fito ba. An ware DIPG ne saboda auna shi a hoto aiki ne mai wuya: ba shi da iyakar da za a sa ma'auni a kai, kuma bayan gashi hoton kan canza ta yadda ba a bambance aikin gashi da aikin magani. Aka zaɓi waɗanda ƙarinsu ke aunuwa. A cikin 50 ɗin, 11 ƙarinsu ya ragu, wato 22 cikin 100, raguwar kuma ta ɗore kimanin wata 10. Ga ciwon da bai taɓa ja da baya a gaban kowane magani ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma babu wani rukuni da aka kwatanta su da shi, kuma raguwar ƙari a hoto daban, tsawon kwana daban. Shi ya sa izinin na gaggawa ne, da sharaɗin a kawo tabbaci daga baya. Akwai kuma batun kuɗi da bai kamata a kau da kai daga gare shi ba: 'yan watanni kafin izinin, kamfanin Jazz Pharmaceuticals ya sayi Chimerix, mai maganin, a kan dala miliyan 935.

Inda zukata suka fi karkata yanzu shi ne aikin da ake yi da sojojin jiki. Ana ɗebo fararen ƙwayoyin jinin yaron, a kai su ɗakin bincike a ɗora musu wata ƙugiya da ke kama alamar da ke jikin ƙwayar daji, a hayayyafa su, a mayar masa. Ana kiransu CAR-T, kuma sun riga sun yi abin mamaki a dajin jini. A 2018 ɗakin binciken Monje ya gano cewa ƙwayoyin DIPG cike suke da wata alama mai suna GD2. A 2020 aka fara gwaji a kan mutane. Kashin farko ta jijiya ake ba da shi, sauran kuma ta wani ɗan bututu da aka dasa a ƙarƙashin fatar kai, wanda ke kai su kai tsaye cikin ruwan ƙwaƙwalwa. Haɗarin a fili yake. Idan sojojin suka far wa ƙarin sai wurin ya kumbura, kumburi kuwa a wurin da ke riƙe da numfashi ba abin wasa ba ne, don haka yaran kan kwana a ɗakin kulawa ta musamman, ana zuƙe ruwa ta bututun nan don rage matsi. A Nuwamban 2024 mujallar Nature ta buga sakamakon mutum 11. Tara sun sami sauƙin da ake gani da ido, akwai waɗanda suka koma tafiya da ƙafarsu. Huɗu ƙarinsu ya ragu da fiye da rabi. Wani saurayi guda daga cikin huɗun kuwa ƙarinsa ya ɓace gaba ɗaya, kuma lokacin da aka buga rahoton ya kai shekara huɗu da gano ciwon yana raye.

A asibitin yara na Seattle, Nicholas Vitanza da abokan aikinsa sun bi hanya mai kama da wannan da wata alama daban, B7-H3, suka ba yara da matasa 21. A Pamplona ta ƙasar Sifaniya kuma, likitocin Jami'ar Navarra sun ɗauki wata ƙwayar cuta dangin masu kawo mura, suka gyara ta yadda ba ta hayayyafa sai a cikin ƙwayar daji, suka zuba ta cikin ƙarin yara 12 kafin gashi. Rahotonsu na 2022 ya ce rabin yaran sun wuce wata 17.8. Wasu kuma matsalar isar da magani suka sa a gaba, domin ƙwaƙwalwa na da shingen da ke tace abin da jini ya kawo, kuma a DIPG shingen yakan kasance bai tsage ba, magani ya zagaya jiki duka ya kasa shiga inda aka aike shi. Mark Souweidane a birnin New York ya zura siririn bututu har cikin pons na yara 28 yana ɗiga magani a hankali, ya nuna a 2018 cewa hakan mai yiwuwa ne.

To ga inda ya kamata a yi takatsantsan. A dubi alƙaluman Seattle. Idan aka ƙirga daga ranar gano ciwon, rabin marasa lafiyar sun kai wata 19.8, kusan ninki biyu na wata 11 da aka saba. Idan aka ƙirga daga ranar da aka fara ba su maganin, wata 10.7 ne. Duka alƙaluman gaskiya ne, masu binciken ma su suka bayyana su. Amma wane yaro ne ke shiga irin wannan gwaji? Wanda ya gama gashi da sauran ƙarfinsa, ya jure jiran makonnin da ake sarrafa ƙwayoyin jininsa, iyayensa kuma suka iya barin aiki suka tare a wani gari. Wanda ciwonsa ya fi zafi ya rasu ko ya kwanta kafin a kai ga wannan mataki, ba a ƙirga shi ba. Kamar malami ne ya tsince ɗaliban da suka riga suka haye zangon farko, sannan ya kwatanta sakamakonsu da na dukan ajin bara. Zai yiwu koyarwarsa ta fi kyau, amma wannan kwatancin ba zai nuna ba. Mu tuna kuma ko ba sabon magani, yaro ɗaya cikin goma yana kai shekara biyu. A gwajin mutum 12, yara biyu masu irin wannan sa'a sun isa su ɗaga alƙaluman sama. Abin da ba ya karɓar wannan suka shi ne ƙari ya ɓace ɗungurungum, kamar na saurayin Stanford, domin DIPG ba ya ɓacewa don kansa.

Wani babban gwajin magani da aka yi da ƙa'idar kwatanci ya zo da labari marar daɗi. Sunansa BIOMEDE, Jacques Grill na cibiyar Gustave Roussy da ke kusa da Paris ya jagorance shi daga 2014. Kowane yaro sai an ɗebi samfurin ƙarinsa, sannan aka raba yara 233 ta hanyar ƙuri'a tsakanin magunguna uku, erlotinib da dasatinib da everolimus, kowa tare da gashi. Ba ɗaya daga cikin ukun da ya kai rabin yaransa shekara guda. Everolimus ya ɗan fi, illarsa kuma ta fi sauƙi, amma bambancin bai kai na kafa hujja ba. A cikin wannan faɗuwar ne kuma aka sami wani yaro ɗan Beljiyam da aka gano masa ciwon yana shekara shida, ya sha everolimus, ƙarin ya yi ta raguwa har ya ɓace. A Fabrairun 2024, yana shekara 13, likitansa ya ce ya warke. Wasu yara bakwai a gwajin sun yi shekaru a raye, amma shi kaɗai ne hotonsa ya fito fes. An gano ƙarinsa na ɗauke da wani kuskuren gado da ba kasafai ake gani ba, masu binciken kuma suna ƙoƙarin kwaikwayonsa a ɗakin bincike don su gane sirrin. Da jaridu kawai mutum ya karanta, sai ya ɗauka an sami magani. Da jimillar alƙaluma kawai ya karanta, sai ya ce a jefar da everolimus. Gaskiyar ita ce maganin bai yi wa mafi yawa aiki ba, ya yi wa 'yan kaɗan, kuma da ba a ajiye samfurin kowane yaro ba, da ba yadda za a yi a nemi dalili.

Me ya hana a riƙa yin irin BIOMEDE kullum? Ƙarancin marasa lafiya na ciki, amma babban abin shi ne zuciyar iyaye. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Uban da aka gaya wa ɗansa na da wata 11 ba zai so kwamfuta ta jefa ƙuri'ar ko ɗan zai sami sabon magani ko ƙwayar wofi marar magani a cikinta ba. Shekaru kafin izinin FDA, iyalai daga ƙasashe da dama sun yi ta tara gudummawa suna zuwa Jamus sayen ONC201 da aka harhaɗa a can. Ba na ganin laifin ko ɗaya daga cikinsu. Amma duk yaron da ya sha shi a wajen gwaji, abin da ya same shi bai shiga lissafin da zai amfani na bayansa yadda ya kamata ba. Mai karatu a Kano zai ga abin a juye. A can, tun abin da ya faru a 1996, lokacin da kamfanin Pfizer ya sa yara kusan 200 a gwajin maganinsa Trovan ana tsakiyar annobar sanƙarau, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a kan ko an nemi yardar iyaye har aka sasanta a 2009, kalmar gwajin magani tsoro take sawa. A DIPG iyaye ne ke roƙon a sa 'ya'yansu. Amma tambayar ɗaya ce a wuraren biyu: shin wanda ya sa hannu ya fahimci abin da aka sani da abin da ake hasashe kawai?

Gwajin da zai tabbatar da izinin dordaviprone ko ya rushe shi shi ne ACTION, mai neman mutum kusan 450. Kowa za a yi masa gashi, sannan ƙuri'a ta raba su uku: masu sha sau ɗaya a mako, masu sha sau biyu, da masu shan ƙwayar wofi. Shi ma bai ɗauki masu DIPG ba. Amsar da ta shafi yaran tushen ƙwaƙwalwa kai tsaye daga Faransa ake sa ranta, inda zagaye na biyu na BIOMEDE ke kwatanta ONC201 da everolimus. Dabarar ta yi kyau, tunda ba yaron da za a ba ƙwayar wofi, iyaye sun fi saurin yarda.

Akwai wani gwaji da ba a cika ambata ba saboda ba sabon magani a cikinsa, ni kuwa ina ganin yana cikin waɗanda suka fi taɓa rayuwar yaran. A Alƙahira aka yi shi, a asibitin dajin yara da ake kira 57357, sunan da ya samo daga lambar asusun bankin da jama'a suka zuba gudummawar gina shi. Mohamed Zaghloul da abokan aikinsa suka yi tambaya mai sauƙi: tunda gashi ba ya warkarwa, dole ne sai an yi zama 30? Suka fara da yara 71, suka buga sakamako a 2014, sannan suka sake da yara 253, ƙuri'a na raba su. Wasu aka yi musu zama 30 cikin mako shida, wasu zama 15, wasu zama 13 cikin ƙasa da mako uku, ana ƙara ƙarfin kowane zama. Tsawon kwanan ya zo kusan ɗaya, wajen wata tara. Ƙaramin yaro ba ya iya kwanciya shiru a cikin na'ura, sai an sa masa maganin barci a kowane zama, da azumin da ke gabansa. A ƙasashen da na'urar gashi ɗaya ke ɗaukar jihohi da dama, kuma iyali ke kwana a barandar asibiti nesa da gida, zama 13 na nufin layi ya ragu, kuɗin masauki ya ragu. Ga yaron kansa kuwa, mako uku ne da 'yan kwanaki da zai yi a ɗakin mahaifiyarsa maimakon ɗakin jira, daga cikin wata taran da suka rage masa.